Daga aji zuwa gaban alƙali: muhawara kan tsananin horo a makarantun Amurka

Malam Habibu

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Akwai wata magana da nake so mu tattauna, domin ta daɗe tana damuna. A shekarar 2011 aka fitar da sakamakon wani bincike da aka gudanar a jihar Teksas ta Amurka, inda aka bi diddigin ɗalibai kusan miliyan ɗaya tun daga aji na bakwai har zuwa ƙarshen sakandare. An gano cewa kusan kashi 60 cikin ɗari na yaran an taɓa fitar da su daga aji aƙalla sau ɗaya, ko ta hanyar keɓe su a wani ɗaki cikin makarantar, ko dakatarwa zuwa gida, ko kora. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, kashi 3 cikin ɗari ne kawai na waɗannan hukunce-hukunce dokar jihar ta wajabta, wato irin laifin makami ko miyagun ƙwayoyi. Sauran duka ra'ayin hukumar makaranta ne: yaro ya yi surutu, ya mayar wa malami magana, ya makara, ya ƙi bin umarni. Kuma yaron da aka dakatar bisa irin wannan dalili, yiwuwar ya faɗa hannun hukumomin shari'ar yara a shekarar da ta biyo baya ta ninka kusan sau uku.

Amurkawa suna kwatanta wannan al'amari da bututu, wanda bakinsa ɗaya yana cikin aji, ɗayan kuma yana gidan yari. Tambayata ita ce, shin da gaske horon ne yake tura yaran, ko kuwa ana ɗora wa makaranta laifin da ba nata ba?

Alhaji Lawal

Wa'alaikumus salam. Malam Habibu, sannu da ƙoƙari, amma ina ganin an ɗauko maganar ta wutsiya. Yaron da zai ƙare a gidan yari, halinsa ne ya kai shi can, kuma wannan halin ne ya sa malaminsa ya kore shi daga aji tun yana ƙarami. Makaranta ba ta haifi halin ba, ta dai riga kowa ganinsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma idan muka ɗaure hannun malamai saboda tsoron abin da zai faru nan da shekara goma, to mun bar yaran ne su tashi ba kwaɓa.

Dakta Hadiza

Baba Alhaji, wannan tambaya taku ita ce ta fi bai wa masu bincike wahala, kuma binciken Teksas bai iya amsa ta sarai ba, domin ya nuna abubuwa biyu suna tafiya tare ne kawai. Amsar da ta fi ƙarfi ta fito ne daga gundumar makarantu ta Charlotte-Mecklenburg a jihar Karolina ta Arewa. A shekarar 2002 aka sake shata iyakokin da ke nuna makarantar da kowane yaro zai shiga, sai ya zama yaran da ke zaune unguwa ɗaya, waɗanda da makaranta ɗaya za su je, an raba su, wasu sun faɗa makarantar da ta saba yawan dakatar da ɗalibai, wasu kuma sun faɗa wadda ke da sassauci. Yaran ba su zaɓa ba, iyayensu ma ba su zaɓa ba, layi ne aka ja a taswira.

Masana uku, Andrew Bacher-Hicks da Stephen Billings da David Deming, suka bi waɗannan yara har suka girma, suka wallafa sakamakon a 2019. Sun samu cewa waɗanda aka tura makarantu masu tsanani, yiwuwar a kama su ko a ɗaure su bayan sun girma ta ƙaru da kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, kuma abin ya fi shafar yara maza baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka. Tun da ba halin yaran ne ya raba su tun farko ba, dole mu ce makarantar da yaro ya faɗa tana da hannu a inda ya ƙare. Karin maganar da kuka kawo ma tana goyon bayan wannan, domin ba a tanƙwara iccen da aka jefar waje. Yaron da aka kora gida kwana biyar, babu mai tanƙwara shi a kwanakin nan.

Barista Nasiru

Bari in ƙara da yadda aka iso nan ta fuskar doka, domin abin yana da mafari. A 1994 gwamnatin Bill Clinton ta sa hannu kan dokar hana bindiga a makarantu, wadda ta ce duk jihar da ke karɓar kuɗin ilimi daga gwamnatin tarayya sai ta tanadi korar shekara guda ga ɗalibin da ya shigo da bindiga, a kuma miƙa shi ga hukumomin shari'a. Babu mai hankalin da zai yi jayayya da hana bindiga a aji. Sai dai jihohi da gundumomi sun ɗauki wannan tsari na ba sani ba sabo suka shimfiɗa shi kan wuƙar aljihu, da faɗan yara, da maganin ciwon kai a jaka, daga ƙarshe har da abin da suke kira bijirewa, wanda ba shi da wata ma'ana tsayayya sai yadda malami ya fassara shi a ranar.

Bayan harbin da aka yi a makarantar Columbine ta jihar Kolorado a watan Afrilun 1999, gwamnatin tarayya ta zuba kuɗi domin a girke 'yan sanda a makarantu. An kawo su ne domin mai bindiga, amma mai bindiga ba kullum yake zuwa ba, abin da ɗan sandan yake gani kowace safiya shi ne yara masu ƙiriniya. A watan Oktoban 2015, a wata sakandare da ake kira Spring Valley a Karolina ta Kudu, wata yarinya ta ƙi ajiye wayarta kuma ta ƙi fita daga aji, sai aka kira ɗan sandan makarantar, ya kifar da ita tare da kujerarta ya ja ta a ƙasa. An kore shi daga aiki, amma ita yarinyar da wata 'yar ajinsu da ta nuna rashin amincewa an tuhume su a ƙarƙashin wata dokar jihar da ta mayar da tayar da hankalin makaranta laifi. Sai a 2018 aka gyara dokar ta daina hawa kan ɗaliban makarantar. A Orlando ta jihar Filorida kuwa, a 2019, an ɗaure hannun yarinya 'yar shekara 6 aka saka ta a motar 'yan sanda saboda ta yi bore a makaranta. A Teksas ɗin da Malam Habibu ya ambata, har zuwa 2013 ɗan sanda yana iya rubuta wa ɗalibi takardar tara saboda hayaniya a aji, kuma sai a 2015 aka cire fashin makaranta daga jerin laifuffukan da ake hukunta yaro a kansu. A lokacin, tarar tana iya kaiwa dala 500. Ga mai hali wannan kuɗin cefane ne, ga uwar da ke aikin awa-awa kuwa bashi ne da zai sake mayar da su gaban alƙali.

Malama Rakiya

Na karanta duk abin da aka rubuta, kuma ban ƙaryata ko ɗaya ba, amma ina roƙon a ba mai riƙe da alli dama. Shekara 14 nake koyarwa a sakandaren gwamnati a nan Amurka, a unguwar da yawancin ɗalibaina 'ya'yan talakawa ne. Akwai shekarar da na yi da wani yaro a aji mai mutum 31, wanda da zarar na juya ga allo zai fara buga tebur, ya fizge littafin na kusa da shi, ya zagi duk wanda ya kalle shi. Minti 50 ne darasin, kuma kusan 15 a kansa suke ƙarewa kullum. A layin gaba akwai wata yarinya da take zuwa da aikin gidanta a kammale duk da cewa ita ke rainon ƙannenta da dare, kuma na ga yadda a hankali ta daina ɗaga hannu, domin ta gane ba za a kai ga tambayarta ba.

Idan ana maganar marasa galihu, ita ma marar galihu ce. Mai kuɗi idan aji ya lalace yakan ɗauke ɗansa ya canja makaranta ko ya canja unguwa, talaka ne yake zama da abin da ya samu. Ranar da aka dakatar da yaron nan kwana uku, a kwanakin nan na koyar da abin da na kasa koyarwa a mako biyu. Na san inda ya yi kwanakin, kuma ban ji daɗi ba, amma kada a ɗauka malamin da ya rubuta takardar fitar da yaro mugu ne. Sau da yawa takardar nan ce kaɗai abin da aka ba shi.

Dakta Hadiza

Malama, abin da kika gani da idonki bincike ya tabbatar da shi. Scott Carrell da Mark Hoekstra sun nuna a 2010, da bayanan wata gunduma a Filorida, cewa yaran da ke fitowa daga gidajen da ake tashin hankali suna jawo raguwar makin abokan ajinsu a lissafi da karatu. Saboda haka wake ɗaya yana ɓata gari, ba a musu. Inda nake da ja shi ne, dakatarwa tana sayo miki kwana uku ne, sannan yaron ya dawo ajinki a baya da darasi uku, ya fi da rashin fahimtar abin da ake yi, kuma yaron da ba ya gane darasi shi ne mai buga tebur. A binciken Teksas, kashi 31 cikin ɗari na waɗanda aka taɓa dakatarwa sun maimaita aji, alhali a cikin sauran kashi 5 ne kawai. Jimlarki ta ƙarshe ita ce ta fi muhimmanci a wurina, wato cewa takardar ce kaɗai aka ba ki.

Maman Yusuf

Ban cika yin magana a nan ba, amma wannan ta shafe ni kai tsaye. Ɗana yana da shekara 13, yana aji na takwas, kuma likita ya tabbatar yana da larurar da ke hana shi natsuwa wuri ɗaya, har makarantar ta rubuta masa tsarin koyarwa na musamman. A farkon zangon nan aka dakatar da shi kwana uku saboda ya tashi daga kujera sau da yawa kuma ya ce wa malamar ba zai zauna ba. Saƙon ya shigo wayata ina tsakiyar aikin dare a gidan kula da tsofaffi, ban gan shi ba sai da asuba. Ba ni da wanda zan bar wa shi, kuma idan na zauna gida ba a biya na, sai na kulle shi da abinci da talabijin na tafi. A rana ta biyu maƙwabciyata ta gan shi a bakin titi da wasu samari da suka girme shi, waɗanda su sun daɗe da barin makaranta.

Karo na biyu an sake ba shi kwana uku kan irin wannan. Karo na uku suka yi ture-ture da wani yaro a baranda, babu wanda ya ji ciwo, amma ɗan sandan makarantar yana wurin, sai ya rubuta rahoto. Mahaifin ɗaya yaron ya zo washegari tare da lauya, aka zauna a ofis, maganar ɗansa ta mutu a nan. Ni na je ni kaɗai da kayan aiki a jikina, na sa hannu a takardun da ban gama fahimta ba, aka ƙara wa nawa kwana uku, bayan mako biyu kuma sai ga sammaci daga kotun yara. Jami'ar kotun ta yi mana kirki, ta ce ba za a kai shi gaban alƙali ba idan ya yi wata shida ba tare da wata matsala a makaranta ba. Yanzu kullum da safe gabana faɗuwa yake yi, domin tashi daga kujera ya zama abin da zai iya kai ɗana kotu.

Alhaji Lawal

Allah ya shirya mana shi, 'yata, ya ba ki haƙuri. Na ji wannan, kuma na yarda an yi rashin adalci tsakanin yaran biyu. Sai dai har yanzu ina tambaya, wannan ba bambancin mai kuɗi da talaka ba ne kawai, wanda yake ko'ina a duniya? Me ya sa kullum ake sako launin fata a ciki?

Barista Nasiru

Amin, Baba. Ana sako shi ne domin alƙaluman gwamnatin ƙasar da kanta sun sako shi. A bayanan da ma'aikatar ilimi ta Amurka ta fitar a 2014 game da shekarar karatu ta 2011 zuwa 2012, baƙaƙen fata su ne kashi 16 cikin ɗari na ɗalibai, amma su ne kashi 27 na waɗanda aka miƙa wa 'yan sanda, kuma kashi 31 na waɗanda aka kama a makaranta. Har a ajin rainon yara, inda suke kashi 18, su ne kashi 48 na waɗanda aka dakatar fiye da sau ɗaya, kuma muna maganar 'yan shekara uku da huɗu ne. Masu larura irin ta ɗan 'yar'uwarmu kuwa ana dakatar da su fiye da ninki biyu na sauran. Talauci yana da kasonsa, amma masu binciken Teksas sun daidaita abubuwa 83, har da halin arzikin gida, suka ga har yanzu yaro baƙar fata ya fi takwaransa fari yiwuwar fuskantar hukuncin da ya dogara da ra'ayin makaranta da kashi 31 cikin ɗari. A laifuffukan da doka ta ƙayyade hukuncinsu, inda ba a bar wa kowa zaɓi ba, ba a ga baƙaƙen fata sun zarce ba. Giɓin yana buɗewa ne a inda mutum zai dubi yaro ya yanke ko abin da ya yi ƙiriniya ce ko barazana.

Abin da Maman Yusuf ta bayyana a ƙarshe kuma shi ne maƙogwaron bututun. A garin Meridian na jihar Misisipi, ma'aikatar shari'a ta tarayya ta shigar da ƙara a 2012 bayan ta gano cewa yaran da kotu ta sa wa ido, idan makaranta ta dakatar da su, ko da kan saɓa ƙa'idar tufafi ne, a gidan tsare yara suke yin kwanakin dakatarwar. Ƙa'idar makaranta ta koma dokar kotu ba tare da wata majalisa ta zauna ba.

Dakta Hadiza

Kuma shiga gidan tsare yaran ba ƙaramin abu ba ne. Anna Aizer da Joseph Doyle sun duba shari'o'in yara kimanin 35,000 a Shikago, inda ake raba wa alƙalai ƙararraki ba tare da zaɓi ba, wasu alƙalan masu saurin tsarewa, wasu masu sassauci. Yaron da aka tsare, yiwuwar ya gama sakandare ta ragu da maki 13 cikin ɗari, yiwuwar a ɗaure shi bayan ya girma kuma ta ƙaru da maki 23. Yawancinsu wata ɗaya ko biyu suka yi a tsare, amma da yawa ba su sake komawa makaranta ba.

Malam Habibu

To me aka gwada, kuma me ya yi aiki? Na san a watan Janairun 2014 gwamnatin Obama ta aika wa makarantu jagora kan kauce wa nuna bambanci a horo, sannan gwamnatin Trump ta janye ta a Disamban 2018, bayan harbin da aka yi a wata makaranta a garin Parkland na jihar Filorida. Na kuma san Los Angeles ta hana dakatarwa kan bijirewa a 2013, daga baya jihar Kalifoniya ta bi sahu mataki-mataki.

Malama Rakiya

Malam, hana rubuta takarda abu ne mai sauƙi, kuma ni ina tsoron gyaran da ya tsaya a nan. Na ga lokacin da aka matsa wa shugabannin makarantu su rage alƙaluman dakatarwa, sai alƙaluman suka ragu, amma yaran ba su zauna a aji ba. Ana kiran uwa ne a ce ta zo ta ɗauki ɗanta ya huta yau, ba a rubuta komai ba, ko a ajiye shi a wani ɗaki yana kallon bango har a tashi. An gudu ba a tsira ba, sai ma dai yanzu uwar ba ta da takardar da za ta ɗaukaka ƙara a kanta. Zaman sulhun da ake ta yabo, inda ake haɗa wanda ya yi laifi da wanda aka yi wa su fuskanci juna, na gan shi ya yi aiki, amma a shekarar da muke da ma'aikaciya guda wadda aikinta ke nan. Da kuɗin ya ƙare aka ce mu malamai mu riƙa yi a lokacin cin abincinmu, sai ya mutu.

Dakta Hadiza

Gwajin da cibiyar bincike ta RAND ta yi a birnin Pittsburgh ya yi daidai da wannan taka-tsantsan naki. Makarantu 44 aka raba biyu ta hanyar ƙuri'a, rabi suka yi tsarin sulhu. Kwanakin da ake asara ta dalilin dakatarwa sun ragu da kashi 16 cikin ɗari, malamai sun ce yanayin makaranta ya gyaru, amma kamun ɗalibai bai ragu ba, kuma makin 'yan aji shida zuwa takwas ya ɗan sauka. Wanda ya ce an gano magani ya yi gaggawa.

Barista Nasiru

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne raba aikin malami da na ɗan sanda a rubuce. A gundumar Clayton ta jihar Jojiya, alƙalin kotun yara Steven Teske ya ga kotunsa ta cika da ƙararrakin faɗan makaranta, sai ya tara 'yan sanda da hukumar makarantu suka ƙulla yarjejeniya cewa kan ƙananan laifuffuka, karo na farko gargaɗi ne, na biyu bita ce ta sasanta rikici, sai a na uku a kawo yaro kotu. Wannan bai hana Malama Rakiya fitar da mai buga tebur daga ajinta ba, ya dai hana ture-turen baranda zama fayil a kotu.

Maman Yusuf, ga abin da ya shafe ki. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 1975 a shari'ar Goss da Lopez, ba a dakatar da ɗalibin makarantar gwamnati ba tare da an gaya masa laifinsa an kuma ji ta bakinsa ba. Na biyu, tun da ɗanki yana da tsarin koyarwa na musamman a rubuce, dokar tarayya ta ilimin masu larura ta ce idan kwanakin fitar da shi suka haura goma a shekarar karatu, a jere ko a tare kan abu iri ɗaya, wajibi ne a zauna da ke a duba ko larurarsa ce ta jawo abin da ya yi, ko kuma makarantar ce ta kasa aiwatar da tsarin da ta rubuta. Idan haka ne, ba a hukunta shi kamar sauran, sai dai a gyara tsarin. Kada ki jira a kai goman. Ki rubuta musu yanzu ki nemi a zauna kan tsarinsa, ki riƙe kwafi, ki nemi ofishin lauyoyi masu taimaka wa marasa hali a yankinki, kuma ki sanar da jami'ar kotun cewa yana da wannan larura, da takardar likita a hannu.

Malama Rakiya

Ki kuma tambaye su a rubuce ko tsarin nasa ya ba shi damar tashi ya ɗan zaga idan zama ya gagare shi. Idan babu, ki nemi a saka. Layi ɗaya ne, kuma malamar ajinsa za ta fi kowa samun sauƙi da shi. Ranakun da aka kira ki ki ɗauke shi kafin a tashi, su ma ki rubuta kwanan watansu.

Maman Yusuf

Na gode, Barista, na gode, Malama, Allah ya saka da alheri. Babu wanda ya taɓa gaya mini maganar kwana goman nan. Na ƙirga yanzu, tara ne a rubuce, ban da sau biyu da aka kira ni na ɗauke shi da rana. Ina hutu ranar Litinin, zan kai takardar da kaina.